Fashin Baƙi: Shin Kwamfuta Za Ta Iya Motsa Fedojin Miksar Analog?

Tambayar da ke yawo tsakanin masu ƙananan situdiyo a Jos, musamman matasan da suka fara tara kayan aiki a 'yan shekarun nan, ita ce ko akwai yadda za a yi manhajar ɗaukar sauti da ke cikin kwamfuta ta riƙa ɗaga fedojin miksar analog, wato maɓallan ƙara da ke kan teburin haɗa sauti, tana sauke su da kanta. Abin da ya ƙara rura tambayar shi ne gajerun bidiyoyin da ake gani a TikTok da Facebook, inda ake nuna wani ƙaton teburin haɗa sauti, fedojinsa na hawa suna sauka a jere babu hannun kowa a kai. Mutum ya ga wannan, ya leƙa bayan miksarsa ya tarar da ramin USB, sai ya ɗauka kebul ɗaya ne kawai ya rage tsakaninsa da abin da ya gani. Wasu ma har sun sayi miksa saboda wannan zaton, suka kwana suna neman saitin da babu shi.

Amsar a taƙaice ita ce ana iya yi, kuma an fi shekara arba'in ana yi, amma ba kowace miksa ke karɓar umarni ba, sannan yawancin abin da ake gani a bidiyoyin nan ba shi ne abin da mai kallo yake zato ba. Abubuwa daban-daban aka cakuɗa cikin tambaya guda, kuma sai an rarrabe su kafin mutum ya san ko yana buƙatar abin da yake nema.

Aikin feda da hanyar da sauti ke bi

Feda ita ce ɗan maɓallin nan da ake turawa sama ko a jawo ƙasa domin ƙara ko rage ƙarar layi ɗaya a kan miksa. Tsawon tafiyarta a manyan tebura milimita 100 ne, a ƙanana kuwa sau da yawa 60. A miksar analog, sautin da ya fito daga makirufo yana tafiya ne a matsayin lantarki mai hawa da sauka, kuma wannan lantarkin yana ratsa cikin fedar da kansa, ta kan wani siririn layi mai tauye wuta, wanda ɗan harshen ƙarfe ke gogawa a kansa. Kamar famfo take: ruwan ta cikinsa yake bi, kuma babu abin da zai rage ruwan sai an murɗa kan famfon. Kwamfuta ba ta da hannu, saboda haka muddin ba a sanya wani abu a cikin miksar da zai karɓi saƙo ya yi aikin hannun ba, babu manhajar da za ta iya taɓa wannan ƙarar.

A cikin manhaja kuwa, ko Cubase ce ko FL Studio ko Pro Tools, sauti ya riga ya koma lambobi, fedar da ake gani a fuskar kwamfuta kuma lissafi ce kawai: a ninka lambobin da wani adadi, ƙara ta hau ko ta sauka. Shi ya sa manhaja ke iya tuna kowane motsi ta kuma maimaita shi daidai duk lokacin da aka buga waƙar. Wannan tunawa da maimaitawa ita ce masu aikin ke kira otomeshin.

Abin da ramin USB ke ɗauka

A nan ne ruɗanin ya fi yawa. Ramin USB da ke jikin yawancin ƙananan na'urorin miksa na analog, irin waɗanda ake samu a shagunan kayan sauti na Jos da kasuwar Alaba ta Legas, katin sauti ne aka dasa a ciki. Aikinsa ya kai sauti kwamfuta ya kuma dawo da shi, galibi layi biyu kacal, hagu da dama. Ba ya sanin inda feda take, balle ya motsa ta.

Akwai kuma wata na'ura mai kama da miksa wadda ba miksa ba ce, wato kwanturola, irin su X-Touch na Behringer ko FaderPort na PreSonus. Fedojinta na motsi da kansu idan an buga waƙa, amma ko ɗigon sauti ba ya bi ta cikinta. Idan ka tura fedarta, saƙo take aika wa manhaja, idan manhaja ta motsa tata fedar, sai ta aiko da saƙo ita ma wannan ta bi. Sai kuma miksar dijital, irin X32 da Behringer ya fitar a 2012, wadda a yau ake yawan gani a coci-coci da ɗakunan taro: sauti na shiga cikinta, amma da zarar ya shiga an mai da shi lambobi, fedojinta kuma umarni suke bai wa kwamfutar da ke cikinta. Da yawa daga cikin bidiyoyin da ke burge mutane ɗayan biyun nan ne suke nunawa. Abin da tambayarmu ta shafa shi ne na ukun, wanda ya fi wuya kuma ya fi tsada: sauti ya ci gaba da zama analog a cikin tebur, amma umarnin ƙararsa ya fito daga manhaja.

Yadda aka faro

Matsalar ta girmi kwamfutar da muka sani. A shekarun 1970, lokacin da manyan situdiyo suka koma ɗaukar sauti a kan tef mai layi 24, haɗa waƙa ya fi ƙarfin yatsun mutum ɗaya. Sai a tara mutum uku ko huɗu a gaban tebur, kowa da fedojin da aka damƙa masa da alamomin da aka zana masa a gefensu, a saki tef a bi waƙar daga farko har ƙarshe, idan ɗaya ya makara a baiti na ƙarshe a koma farko gaba ɗaya.

Mafita ta farko ita ce VCA, wata 'yar da'irar lantarki da ke ƙara ko rage sauti gwargwadon ƙarfin wutar umarnin da aka ba ta. David Blackmer, wanda ya kafa kamfanin dbx a 1971, yana cikin waɗanda suka kyautata ta har ta dace da aikin situdiyo. A wannan tsarin sauti ba ya bi ta cikin feda, sai ta cikin VCA, ita kuma fedar wutar umarni kawai take fitarwa. Tunda haka ne, kwamfuta na iya rubuta wannan wutar ta kuma maimaita ta. Teburin SL 4000 E na kamfanin SSL na Ingila, wanda ya fito a 1979 kuma aka haɗa ɗimbin shahararrun waƙoƙin duniya a kansa, da wannan hanyar yake aiki. Illarta ita ce fedojin ba sa motsi: ƙara na sauyawa amma maɓallin na nan inda aka bar shi, sai injiniya ya bi wasu 'yan fitilu ko allon kwamfuta kafin ya gane inda ainihin ƙarar take.

Mafita ta biyu ita ce a sanya wa kowace feda ɗan ƙaramin inji, wanda masu gyara ke kira moto, ya riƙa jan maɓallin da siririn bel ko zare. Kamfanin Neve ne ya fito da wannan a tsarinsa na NECAM a 1977, aka fara girka shi a situdiyon AIR da ke Landan. A nan sauti na bi ta cikin fedar kamar da, babu ƙarin wata da'ira a hanyarsa, sannan ido na ganin abin da kunne ke ji. Irin wannan feda tana da layi biyu a cikinta, ɗaya na sauti, ɗaya na sanar da kwamfuta inda maɓallin yake, kuma kan maɓallin yana jin taɓawar yatsa, ta yadda moto zai saki da zarar mutum ya ɗora hannu.

Duk waɗannan tsare-tsaren suna da tasu kwamfutar ta daban, wadda ke bin lambar lokaci ta SMPTE, wato alamar da ke nuna inda waƙa ta kai, da aka ɗauka a kan layi ɗaya na tef, yawanci na ƙarshe. Wato tun asali tebur ne ke riƙe da bayanan motsinsa. Sabon abin da zamanin manhaja ya kawo shi ne son a kwashe waɗannan bayanan a mai da su cikin fayil ɗin waƙar, kusa da sautin da suka shafa.

Hanyoyin da ake bi a yau

Hanya mafi tsabta ita ce teburin da tun a masana'anta aka gina shi domin wannan aiki. A 2004 SSL ya fitar da AWS 900, tebur na analog wanda fedojinsa masu moto ke aiki biyu: da danna maɓalli ɗaya su zama masu sarrafa sautin analog da ke cikin teburin, da sake dannawa su koma kwanturolar manhaja. Neve ma yana da irinsa mai suna Genesys. Daga baya SSL ya ƙara da wata dabara da ya kira Delta Control, wadda ita ce amsa kai tsaye ga tambayar da muka fara da ita. Ana ɗora wani fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙarawa cikin babba, a kan tirak, wato layin sauti ɗaya a cikin manhaja, fulogin ɗin ba ya taɓa sautin ko kaɗan, aikinsa kawai ya ajiye zanen hawa da saukar ƙara, ya aika da shi ta kebul ɗin Ethernet zuwa fedar da ke kan tebur. Amfanin wannan babba ne ga wanda ya san wahalar aikin: idan aka yanke amshi na biyu aka matsar da shi gaba, motsin fedar ma ya bi shi, domin duk a fayil ɗaya suke. Sai dai kuɗin irin waɗannan tebura dubun-dubatar daloli ne, kafin a zo maganar jigila da kwastan.

Wanda ya mallaki tsohon babban tebur mai tasa kwamfutar yana iya barin ta a kan aikinta, ya sa manhaja ta riƙa fitar da lambar lokaci ta SMPTE ta ɗaya daga cikin ramukan katin sauti, ita kuma kwamfutar teburin ta bi. Yana aiki, amma bayanan sun rabu gida biyu, kuma duk gyaran da aka yi wa tsarin waƙar a manhaja sai an sake shi a tebur.

Ga mai ƙaramar miksa kuwa, abin da ya fi kusa da shi shi ne akwatin VCA na waje. Ana jona shi ta ramukan insat na kowane layi, sauti ya fita daga miksa ya ratsa akwatin ya dawo, manhaja kuma ta riƙa ba akwatin umarni ta MIDI, yaren da na'urorin kiɗa ke aika wa juna saƙo da shi. Kamfanin Mackie ya sayar da irin wannan a shekarun 1990, kuma har yanzu ana yin na'urorin haɗa layuka masu wannan tsari. Fedojin miksar ba za su motsa ba, amma ƙarar analog za ta bi umarnin kwamfuta, wanda shi ne ainihin abin da ake nema. Abin lura shi ne akwatin ya cinye ramin insat, kuma idan akwai kwamfiresa a layin, wato na'urar da ke danne sautin da ya yi ƙarfi da yawa, dole a jera su ta yadda VCA za ta zo bayanta, don dalilin da zan zo kansa.

Akwai masu basirar haɗa kayan lantarki da ke tunanin cire fedojin miksarsu su dasa masu moto, su haɗa da ƙaramin allon kwamfuta na Arduino. A ilimance babu abin da ya hana, kuma a matsayin aikin koyo abu ne mai kyau ƙwarai. Amma ban ga hikimar yi wa miksar da ake cin abinci da ita wannan tiyatar ba. Feda mai moto ta fi ta asali kauri da zurfi, a ƙananan na'urori kuma fedojin a like suke a kan allo ɗaya da sauran kayan, babu sararin da za a ƙara komai. Uwa uba, moto na jan wuta da fizga, kuma idan ba a raba masa wutarsa da ta sauti da kyau ba, duk motsin da ya yi sai an ji shi a lasifika.

Yaren da na'urorin ke magana da shi

Ko an sami fedar da ke karɓar umarni, sai ita da manhaja sun fahimci juna. Tushen yawancin wannan magana shi ne MIDI, wanda ya fito a 1983. Saƙonsa na yau da kullum yana da matakai 128 ne kawai, daga 0 zuwa 127. Idan aka raba milimita 100 gida 128, kowane mataki ya kusa milimita ɗaya, kuma a kan sauti mai ja, kamar sarewa ko dogon jan murya, kunne na iya jin ƙarar tana hawa daki-daki maimakon ta tafi sumul. Shi ya sa tsarin Mackie Control ke aika matsayin feda ta saƙon lanƙwasa sauti na MIDI, wanda ke da matakai 16,384, ko da yake yawancin na'urori 1,024 suke amfani da su daga ciki, kuma hakan ya wadatar.

Tsarin HUI, wanda Mackie da Digidesign suka fitar a 1997 domin Pro Tools, da shi da Mackie Control duk takwas-takwas suke ɗaukar fedoji, don haka tebur mai feda 24 yana bayyana ga manhaja tamkar na'urori uku. Pro Tools na jin HUI amma ba ya jin Mackie Control kai tsaye, FL Studio na jin Mackie Control, Cubase da Logic kuwa suna jin duka biyun. Akwai kuma EUCON, na kamfanin Euphonix da Avid ya saya a 2010, wanda ke bi ta Ethernet. Wannan bayani ba ado ba ne: mutum na iya sayen na'ura mai kyau ta ƙi aiki da manhajar da ya saba da ita saboda wannan kawai.

Me ya sa ba za a yi komai a cikin manhaja ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin a nan ne ake gane wanda ke buƙatar abin da gaske. Hanyar da situdiyo da yawa ke bi, har da manya, ita ce a jera duk fedojin miksa a kan sifiri, wato inda feda ba ta ƙarawa ba ta ragewa, a bar su a nan, a yi duk hawa da sauka a cikin manhaja kafin sauti ya fito. Miksar ta zama wurin haɗa layuka da gyara launin sauti kawai. Ba a sayi komai ba, kuma otomeshin na nan cikin fayil.

Tsoron da aka daɗe ana yi cewa rage ƙara a kwamfuta na lalata sauti ya samo asali ne daga zamanin da ake ajiye sauti da lambobi masu bit 16, inda tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙarfi da mafi rauni take kusan desibel 96, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙara. A bit 24 lissafin ya kai 144, kuma ko da yake babu katin sautin da ke kaiwa can a zahiri, rage desibel 6 ko 10 ba ya cutar da komai da kunne zai ji.

Ainihin bambancin yana wajen jerin da sauti ke bi. A ɗauki misalin waƙar biki: muryar mawaƙiya ta fito daga katin sauti ta shiga layi na biyar a miksa, an jona mata kwamfiresa ta waje a ramin insat, an saita ta a kan huɗu bisa ɗaya, wato duk ƙarin desibel huɗu da ya haura iyaka ɗaya kawai zai wuce. A ƙarshen kowane baiti, daidai inda 'yan amshi ke shigowa, muryarta na nutsewa ƙarƙashin kalangu da fiyano, injiniya yana so ya ɗaga ta da desibel 4. Idan ya ɗaga a manhaja, ƙarin zai fara isa kwamfiresa, ita kuma aikinta ke nan ta danne duk abin da ya haura iyakar da aka sa mata, saboda haka daga desibel 4 ɗin nan 1 kawai zai fito, muryar kuma ta ƙara matsewa, numfashinta da ƙarar ɗakin su taso. Idan kuwa fedar miksa ya tura, wadda ke bayan kwamfiresa, desibel 4 ɗin za su fito cif, launin muryar bai sauya ba. Haka kuma idan waƙa ta zo ƙarewa ana janye ta a hankali: janyewar manhaja na barin shuu ɗin kayan analog, wato ɗan sautin iskar nan da suke fitarwa, a inda yake, janyewar feda kuwa na tafiya da shuu ɗin duk abin da ke gabanta.

To wannan shi ne dalilin gaskiya da ya sa manyan injiniyoyi ke biyan kuɗin otomeshin na analog. Amma ko shi yana da magani mai araha. Ana iya tura muryar ta ratsa kwamfiresa ta dawo cikin manhaja a ɗauke ta a sabon tirak, sannan a yi otomeshin a kan wannan sabon, a fitar da shi zuwa miksar da ke kan sifiri. An ƙara zagaye ɗaya na juya sauti, kuma dole a tabbatar manhaja ta cike ɗan jinkirin da zagayen ya jawo don kada muryar ta zame daga kan kiɗa, amma sakamakon ya yi kusa ƙwarai da na tebur mai tsada.

Abin da ba ya dawowa da kansa

Akwai wani zato da ya kamata a gyara, cewa da zarar fedoji sun bi kwamfuta to an gama, duk ranar da aka buɗe fayil komai zai koma yadda yake. A mafi yawan teburan analog feda da maɓallin kashe layi ne kawai ke bin umarni. Maɓallan murɗawa na ƙarfin shigowa, da na ikwalaiza mai gyara launin sauti, da na karkatar da sauti hagu ko dama, da na aika shi zuwa amsa-kuwwa, duk suna nan inda hannu ya bar su. Ko tsarin Total Recall da SSL ya kawo a farkon shekarun 1980 ba ya murɗa komai, yana nuna wa mutum ne a allo inda kowane maɓalli yake a da, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa da hannu.

Wannan ya shafi aikinmu kai tsaye. Duk wanda ya yi waƙar biki ko ta siyasa ko tallar rediyo ya san aiki ba ya ƙarewa ranar da aka ce ya ƙare. Bayan mako biyu mai waƙa zai dawo ya ce an manta sunan gwaggon amarya, ko a ɗaga inda aka ambaci mai gida, alhali a tsakanin an yi ayyuka da yawa a kan wannan miksar. Shi ya sa za ka ga injiniya mai lura, kafin ya tashi daga aiki, ya miƙe tsaye ya ɗauki hoton teburin da wayarsa kashi-kashi, layi huɗu-huɗu yadda farin layin kowane maɓalli zai fito, ya ɓare farar salatif ɗin da ya rubuta sunayen layuka a kai ya manna ta a bango, sannan ya ɗauki murya daban, amshi daban, kiɗa daban ya ajiye a fayil. Feda mai moto ba ta ɗauke masa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ɓangarori biyu

Masu riƙe da tebur na cewa haɗa sauti aikin hannu da kunne ne, kuma wanda ya ɗora yatsu takwas a kan fedoji yana bin waƙa yana yanke hukuncin da mai jan layi da linzamin kwamfuta ba zai yanke ba, sannan da'irorin analog na ba sauti wani kauri idan aka ɗan matsa musu. Chris Lord-Alge na Amurka, wanda ya yi suna da aiki a kan teburin SSL, yana cikin waɗanda ake kafa hujja da su. Ɗaya ɓangaren kuma na nuna Andrew Scheps, wanda ya yi aiki da Adele da Red Hot Chili Peppers, ya kuma bar babban teburin Neve ya koma haɗa sauti gaba ɗaya a cikin kwamfuta ba tare da aikinsa ya faɗi ba.

A ganina hujjar farko ta haɗa abu biyu da za a iya rabawa. Daɗin aiki da hannu kwanturola mai feda takwas na bayar da shi a kan kaso kaɗan na kuɗin tebur. Kaurin analog kuwa gaskiya ne a teburan da aka gina da kayan ƙwarai, amma ba kowace miksa ke da shi ba, kuma ƙaramar miksar da aka yi domin taron biki sau da yawa abin da take ƙara wa waƙa shuu ne da ƙugi.

Abin da ya shafi mai situdiyo da mawaƙi a Jos

Jos gari ne mai tarihi a wannan fanni, ga Hukumar Fina-finai ta Najeriya da aka kafa a 1979 da cibiyarta ta koyar da aikin fim, ga kwalejin talabijin ta NTA, ga kuma ɗimbin mawaƙa da makaɗa da garin ya yaye. Saboda haka akwai masu kunne da masu ilimin aikin. Abin da ke yanke hukunci shi ne yanayin da kayan za su zauna a ciki.

Na farko wuta. Babban tebur na analog na cin wuta sosai yana kuma fitar da zafi, kwamfutarsa ba ta son ɗaukewar wuta ba zato, kuma sauyawa daga wutar gari zuwa janareta na iya kawo fizgar da za ta ƙona kaya. Wanda ba shi da inbata mai fitar da wuta mai tsabta da wayar ƙasa ta gaske, wato wadda ke kai ɓatacciyar wuta cikin ƙasa, bai shirya ba tukuna, domin rashin wayar ƙasa na kawo ƙugi, yana kuma rikita fedoji masu jin taɓawa har su riƙa saki ko kamawa ba dalili. Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke shiga ta tsagar feda ta kwanta a kan layin da harshen ƙarfe ke gogawa. A fedar analog wannan ƙaraf-ƙaraf ne a cikin waƙa, a mai moto kuma har da rawa da tsayawa ba a daidai ba. Rufe tebur da mayafi duk lokacin da aka tashi ba ƙaramin abu ba ne, kuma fesa wa feda man da ba nata ba na wanke maiƙon da aka sa mata tun daga masana'anta. Na uku gyara: feda mai moto kaya ce mai cinyewa, kuma kafin a sayi tsohon tebur daga waje ya kamata a san wanda zai buɗe shi da inda za a samo kayansa.

Shi kuwa mawaƙin da ke biyan kuɗin situdiyo, motsin fedoji ba ya gaya masa komai game da ingancin abin da zai fita da shi. Abin da ya fi amfanarsa ya tambaya shi ne ko za a iya buɗe aikinsa bayan wata guda a gyara abu ɗaya ba tare da sauran sun sauya ba, da kuma ko za a ba shi muryoyi da kiɗa a rarrabe.

Ga wanda ke da miksar analog a hannu yana son ya ci moriyarta tare da manhaja, aikin farko shi ne daidaita layuka. A jera fedoji a kan sifiri, a fitar da sautin gwaji na 1 kHz daga manhaja a kan desibel 18 ko 20 ƙasa da ƙololuwa, a tura shi layi bayan layi ana murɗa maɓallin ƙarfin shigowa har mita ta nuna sifiri a kowanne, sannan a yi wa wurin alama. Idan kuma saye za a yi domin fedoji su bi kwamfuta, a je shagon da laftof da manhajar da ake aiki da ita, a jona, a zana hawa da sauka a kan tirak ɗaya a buga. Idan feda ta motsa, sai a jona makirufo kai tsaye a wannan layin na teburin, a kashe sauraren da ke dawowa daga kwamfuta, a yi magana a ji ko ƙarar muryar na bin zanen. Idan ta bi, sautin teburin ne ake sarrafawa. Idan fedar na motsi amma muryar ba ta sauya ba, kwanturola ce kawai ke aiki, kuma kuɗinta ya kamata a biya.